Kwamin Ruwan Zafi a Gida: Hutu Aka Saya ko Aiki?

A shekarar 2020, da annobar korona ta kulle mutanen Birtaniya a gidajensu, kuɗin da iyalai suka tara don zuwa hutu Sifen ko Girka sai ya rasa inda za shi. Da yawa suka karkatar da shi zuwa farfajiyar gida, suka sayi kwamin ruwan zafi, irin wanda mutum huɗu ko shida kan shiga su zauna, ruwa na fesowa ta ƙananan kafofi yana matsa musu baya da ƙafafu. Mai araha, wanda ake hura wa iska irin na Lay-Z-Spa, har ƙarewa ya riƙa yi a shaguna. Ba a jima ba kamfanin inshora na Aviva ya ce masu neman diyya kan lalacewar irin wannan kwami sun ƙaru da kashi 188 cikin ɗari a shekarar: wani injin yankan ciyawa ya fasa masa nasa, wata kuma zoben baikonta ya yage shimfiɗar ciki. A Oktoban 2022 kuɗin wuta ya kai kwabo 34 na kuɗin Ingila a kan kowane yunit, kusan ninki biyu na abin da ake biya lokacin rububin saye. Daga nan aka zauna lissafi.

Gardamar ba ta mutu ba har yau, a Birtaniya da Amurka da sauran ƙasashen sanyi inda wannan kwami ya zama kayan gida. Ɓangare ɗaya na cewa kula da shi bai wuce 'yan mintuna a rana ba, kuma duk wanda ya kwana da ciwon baya ya san darajar mintunan nan. Ɗaya ɓangaren na cewa mai saye yana zaton hutu ya sayo, ashe aiki ya ɗauko wa kansa, aikin da ba shi da Juma'a ba shi da Lahadi, kuma sakaci a cikinsa ba ya tsayawa a kan aljihu kaɗai.

Asalin abin jinya ne. Candido Jacuzzi, ɗaya daga cikin 'yan uwa bakwai da suka yi ƙaura daga Italiya zuwa Kalifoniya, yana da ɗa mai fama da ciwon gaɓoɓi tun yana ƙarami. Yaron kan ji sauƙi idan an gasa shi a ruwan asibiti mai motsi, sai uban ya ƙera ɗan injin da za a tsoma a bahon gida ya yi wannan aikin. An fara sayar da injin a 1956, sannan a 1968 Roy Jacuzzi ya fito da bahon da aka gina kafofin feshin a jikinsa. Shi wannan baho cika shi ake yi, a yi wanka, a zubar. Kwamin farfajiya kuwa ba haka yake ba, kuma duk rigimar daga nan ta taso. Ana cika shi sau ɗaya, ruwan ya zauna wata uku ko huɗu, dare da rana yana tsakanin digiri 37 da 40, ana shiga ana fita. Ba a zubarwa bayan kowace shiga saboda ɗumama lita 1,500 da ke cikinsa daga farko yana cin yini guda da wuta mai yawa.

Lita 1,500 ɗin nan kaɗan ne ƙwarai idan aka duba jikin da ke shiga cikinta. Mutum huɗu suka zauna, kowa ya tashi da lita 375. Kududdufin ninkaya mai tsawon mita 25, faɗin mita 12 da rabi, zurfin mita ɗaya da rabi, sai an zuba masa mutum 1,250 a lokaci guda kafin ya kai wannan cunkoso. Kuma jiki a ruwan zafi zufa yake yi, ga man shafawa, ga turare, ga ragowar sabulun da ya maƙale a kayan wanka. Duk a cikin ruwan za su zauna sai an cire su.

Cirewar ita ce aikin. Yana farawa da gwaji: mai kwami ya tsoma ɗan siririn tsinken takarda mai tabo-tabo, ya jira 'yan daƙiƙu, ya gwada launin da ya fito da jadawalin jikin kwalba. Abu biyu yake fara dubawa. Na farko maganin kashe ƙwayoyin cuta. Hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka a Amurka ta ce kada kulorin ya gaza miligiram 3 a kowace lita, in kuwa buromin ake zubawa, to ya tsaya tsakanin 4 da 8. Na biyu tsamin ruwan, wanda ake aunawa da ma'aunin pH, ana son sa tsakanin 7.2 da 7.8. Biyun a ɗaure suke da juna. A kan 7.5, kusan rabin kulorin ne ke cikin siffar da ke kashe ƙwayoyin cuta da ƙarfi. Da ma'aunin ya hau 8, sai ya koma kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Abin takaicin shi ne kwamin da kansa yake yaƙar ruwansa. Zafi yana saurin cinye kulorin, kumfar iskar da ake jin daɗinta kuma tana fitar da iskar kabon daga ruwan, hakan ya tura ma'aunin sama. Wato duk daren da aka fi morewa, shi ne daren da ruwan ya fi karkacewa. Idan ma'aunin ya faɗi ƙasa kuma, ruwan ya fara cin ƙarfen hita da robobin toshe yoyo, ido ya yi ja. Ga kuma sinadarin alli da ke cikin ruwan famfo: ya yi yawa ya daskare a jikin hita, ya yi kaɗan ruwan ya yi ta kumfa yana cin kayan ciki.

Mako-mako ana zuba magani mai ƙarfi don ƙone dauɗar da ta taru, a bar murfin a buɗe iskar ta fice. Ana ciro filta a fesa mata ruwa tsakanin ninkinta, a goge layin maiƙon da ke zagaye bakin kwamin. Wata-wata ana jiƙa filtar ta kwana a maganin cire maiƙo, bayan shekara ɗaya ko biyu a sayi sabuwa. Babban aikin shi ne na sauya ruwa: a fara zuba maganin wanke bututu a kunna inji ya zagaya da shi, a zubar da ruwan, a cuɗe cikin kwamin, a sake cikawa, a sake daidaita komai daga farko. Masu sana'ar suna da ɗan lissafin da suke yi: raba yawan litar da 12, sannan ka raba da yawan masu shiga a rana. Kwamin lita 1,500 da mutum biyu ke shiga kullum, kwana 62 ke nan, ba wata huɗun da ake faɗa a shago ba. Dalilin sauyawar kuwa shi ne akwai abin da filta ba ta kamawa. Garin kulorin da aka fi sayar wa gidaje yana ɗauke da wani sinadari mai kare shi daga hasken rana, wanda ba ya ƙonewa, sai dai ya yi ta taruwa har ya danne ƙarfin kulorin ɗin. Saboda haka ne ma CDC ta ba da shawarar a guje shi a ruwan zafi. Kuma wannan ƙaurin da ke tashi, wanda baƙo kan ɗauka alamar tsafta ce, na kulorin ne da ya riga ya haɗu da zufa da fitsari ya ƙare aikinsa. Ruwa ba ya tsami banza.

Masu goyon baya ba su musanta ko ɗaya daga cikin wannan ba. Abin da suke cewa shi ne jerin a takarda ya fi ban tsoro. Gwaji bai kai minti biyu ba, auna cokalin magani minti ɗaya, wankin filta minti goma a mako, sauya ruwa rabin yinin Asabar sau uku ko huɗu a shekara. A wurinsu watan farko ne kawai mai wuya. Daga nan mutum ya san halin ruwansa, ya san bayan baƙi sun tafi sai ya ƙara kaza. Sun kuma kafa hujja da na'urorin da aka ƙara wa sababbin samfura: akwai mai samar da kulorin daga gishiri a cikin ruwan, akwai mai feso iskar ozon, akwai fitila mai kashe ƙwayoyin cuta da haske a cikin bututu, akwai ma'aunin da ke aika saƙo zuwa waya. Sannan rabin wahalar ladabi ne ke maganinta: kowa ya watsa ruwa kafin ya shiga, a ɗauraye kayan wanka ba sabulu, a mayar da murfi da zarar an fito. Gaskiya ne, gidan da ke bin waɗannan ukun ruwansa ya fi daɗewa. Sai dai ozon da fitila suna aiki ne a kan ruwan da ya ratsa ta wurinsu kawai, ba sa barin kariya a cikin kwamin, don haka ba su ɗauke wa kowa gwaji da zuba magani ba.

Hujjarsu mafi nauyi ta lafiya ce, kuma akwai bincike a bayanta. A 2016 masana a Jami'ar Oregon sun sa matasa marasa motsa jiki su riƙa zama a ruwan zafi sau huɗu ko biyar a mako har mako takwas. Jijiyoyin jininsu suka ƙara laushi, bugun jininsu ya ɗan sauka. A 2017 a Jami'ar Loughborough ta Ingila an gwada maza 14, aka ga zaman awa ɗaya a ruwa mai digiri 40 yana ƙone kusan abin da tafiyar rabin awa a ƙafa ke ƙonewa. A 2019 wasu masana a Jami'ar Teksas da ke Austin sun tattara binciken da aka yi a baya, suka ga wankan ruwan ɗumi awa ɗaya ko biyu kafin kwanciya yana rage jiran barci da kusan minti goma. Wanda aka fi ambata shi ne na Japan da mujallar Heart ta buga a 2020: an bi mutum kusan 30,000 daga 1990 zuwa 2009, aka ga masu jiƙa jiki a ruwan zafi kullum haɗarin ciwon zuciya da jijiyoyin jini ya ragu musu da kashi 28 cikin ɗari idan aka gwada da masu yi sau biyu a mako ko ƙasa da haka. Ga mai ciwon gaɓoɓi kuma, ruwa yana ɗauke nauyin jiki, zafi yana sassauta tsoka, kuma kwami mai zurfi da kujeru yana ba shi damar miƙe gwiwa da kafaɗa yadda bahon banɗaki ba zai ba shi ba.

Masu suka sun karɓi alƙaluman, suka ce a duba inda aka samo su. Mutanen Japan da aka bi ba kwamin farfajiya suke shiga ba. Bahon gida ne mai zurfi, mutum yana cuɗa jikinsa tas a waje kafin ya shiga, iyali su bi juna a ruwa ɗaya, a zubar da shi a ranar ko washegari, galibi ma a ja shi zuwa injin wanki. Babu kulorin, babu filta, babu ruwan wata uku. Binciken ya nuna alaƙa ne ba sanadi ba, don mai ƙarfin shiga baho kullum da ma yana iya fin wani lafiya. Gwaje-gwajen Oregon da Loughborough ƙanana ne, kuma su ma a kan zafin ruwa suke, ba a kan na'ura ba. A nan masu suka sun fi gaskiya: abin da aka tabbatar amfanin ruwan zafi ne, kuma bahon da ake cikawa a zubar yana ba da shi ba tare da ɗawainiyar tsare ruwa ba. Abin da kwami ya ƙara shi ne kasancewarsa a shirye kowane lokaci, da tausar feshi, da hira a waje cikin sanyi. Ba ƙaramin abu ba ne, tunda wanda ruwa ke jiransa ya fi wanda sai ya tsaya cika baho yawan shiga, amma ba shi ne aka auna ba.

Shi kansa zafin ba kowace zuciya ke ɗaukarsa ba. Dubban tsofaffi ne ke rasuwa a baho duk shekara a Japan, akasari da sanyi. Likitocin Zariya ma, tun a shekarun 1970, sun yi zargin cewa wankan jego da kwanciya a gadon wuta da kunun kanwa suna da hannu a ciwon zuciyar da ke kama masu jego, ko da yake binciken da aka yi daga baya a Kano ya fi karkata ga wasu dalilai.

Inda gardamar ta fi zafi shi ne maganar ƙwayar Lejiyonela, wadda aka gano bayan ta kwantar da tsofaffin sojojin Amurka da suka halarci taro a wani otal a Filadelfiya a 1976. Tana yaɗo a ruwa mai ɗumin digiri 20 zuwa 45, tana fakewa a cikin yauƙin da ke mannewa a bangon bututu, inda magani ke wuyar kaiwa. Ba a kamuwa da ita ta hanyar taɓa ruwan, shaƙar ƙananan ɗigon da ke tashi a iska ake yi, su sauka a huhu. Kwamin da aka yi sakaci da shi ya haɗa mata komai: ɗumin da take so, dauɗar da za ta ci, bututun da za ta ɓuya, da injin da zai watsa ta. A Fabrairun 1999, a bikin nunin furanni na garin Bovenkarspel a Holan, wani ɗan kasuwa ya cika kwamin talla da ruwa, ya ɗumama shi, ya bar shi yana feshi ba tare da magani ba. Fiye da mutum 77,000 suka ziyarci bikin. Mutum 188 suka kamu, fiye da 20 suka rasu, kuma ba wanda ya shiga ruwan, tsayawa kallo kawai suka yi. A 2012 irin haka ta faru a wani babban shago a Stoke-on-Trent ta Ingila: mutum 21 suka kamu, uku suka mutu, kotu ta ci kamfanin tarar fam miliyan ɗaya a 2017. A Satumban 2019, a wani bikin baje koli a jihar Karolina ta Arewa, mutum 136 suka kamu da ciwon huhun, 96 aka kwantar a asibiti, huɗu suka rasu, kuma bincike ya kai ga zauren da aka jera kwamin talla. A ƙiyasin CDC, kusan mutum ɗaya cikin goma da cutar ta kama ba ya tashi.

Masu goyon baya suna da amsa, kuma amsar mai ƙarfi ce. Duk ukun nan ba a gidan kowa suka faru ba. Kayan talla ne da aka kunna a cikin zaure rufaffe, dubban mutane na wucewa, babu mai ɗaukar ruwan a matsayin abin da jikinsa zai shiga. Mai gida kuwa da shi da iyalinsa ne za su zauna a ciki, kwaminsa yana waje iska na kwashe feshin, kuma miliyoyin gidaje suna da shi ba tare da kowa ya kwanta ba. A ganinsu waɗannan labarai hujja ce ta a kula, ba ta a ƙi saye ba.

Sai dai rahoton da CDC ta fitar a 2024 ya rage wa wannan amsa kaifi. Mutum 12 ne suka kamu a manyan jiragen ruwa biyu na yawon shaƙatawa tsakanin 2022 da 2024, kuma ba babban kwamin jama'a ne ya jawo ba, wanda ake gwadawa a kai a kai. Ƙananan da ke barandar ɗakunan alfarma ne, a waje, cikin iskar teku, waɗanda ƙa'idar kula da su ba ta kai ta na jama'a tsanani ba, feshinsu kuma yana iya kaiwa barandar maƙwabta. Babu abin da ya fi wannan kama da yanayin gida. A Birtaniya hukumar kula da lafiyar wuraren aiki ta fitar da kundin ƙa'idoji a 2017 wanda ya shafi otal da gidajen haya na masu hutu, amma gidan mutum babu mai zuwa dubawa. Ciwon da ya tashi daga gida guda kuma ba ya zama labari, don mutum ɗaya ko biyu ne. Likitocin fata sun saba ganin ƙurajen da ƙwayar Sudomonas ke fesowa kwana ɗaya ko biyu bayan shiga, musamman inda kayan wanka suka rufe jiki. Likitocin ƙirji kuma sun san wani tari da sarƙewar numfashi da ke addabar masu kwami a cikin ɗaki, wanda wata ƙwaya dangin ta tarin fuka ke jawowa, kuma sau da yawa sauƙinsa yana farawa ne daga ranar da aka daina shiga.

Maganar kuɗi lissafi ne da kowa zai iya yi. Ɗaga lita 1,500 daga digiri 15 zuwa 38 yana cin kusan yunit 40 na wuta, wato awa 13 da 'yan kai ga hita mai kilowat 3, kuma a farashin Birtaniya na ƙarshen 2022 ya haura fam 13 a cikawa ɗaya. Wannan ba shi ne babba ba. Babban shi ne riƙe zafin kullum, ko an shiga ko ba a shiga ba. Kwami kamar doki yake, ranar da ba a hau ba ma sai an zuba masa harawa. Masu goyon baya kan ce bambancin yana ga inganci: kwami mai kaurin bango da murfi mai kyau ba ya zubar da zafi sosai, kuma tun da jihar Kalifoniya ta kafa iyaka kan wutar da zai ci yana jira, masu ƙerawa suka gyara. Haka ne, araha ba ta ado, kuma na hurawa da iska shi ya fi kowanne zubar da zafi. Amma murfin mai kyau ma tsufa yake yi. Soson cikinsa yana shan tururi har ya yi nauyin da mutum ɗaya ba ya iya ɗagawa, daga nan ya daina tsare zafi, sai an sauya shi bayan 'yan shekaru. Wanda kuma ya ce zai kashe wuta da hunturu don ya huta da biya, to sai ya tsiyaye bututun tas, ya hura musu iska, don ruwan da ya rage in ya daskare fasa su yake yi tare da injin.

Akwai kulawar da ba ta shafi ruwa ba. Cikakken kwami da mutane a ciki yana haura tan biyu, sai da daɓen siminti ko dandamalin da aka ƙarfafa. Wutarsa sai ƙwararre ya ja, da makashin da ke yankewa da kansa da zarar wuta ta zurara. Magunguna a ajiye su a bushe, a kulle, kada kulorin ya haɗu da maganin rage pH, don iskar da za su fitar guba ce. Hukumar kare masu saye ta Amurka ta ja iyakar zafi a digiri 40, ta gargaɗi masu ciki da masu shan barasa, kuma CDC ta ce kada yaro ƙasa da shekara biyar ya shiga. A 2002 Virginia Graeme Baker, yarinya 'yar shekara bakwai, jikar tsohon sakataren harkokin wajen Amurka James Baker, ta rasu bayan mazuƙar ruwan wani kwami ta janye ta ta manne ta a ƙasa. Da sunanta aka yi dokar 2007 da ta tilasta sabon samfurin murfin mazuƙa. Duba ko wannan murfi ya tsage, da kulle babban murfin in an fito, suna cikin aikin da babu na'urar da ke yi wa mutum.

In aka ajiye hujjojin gefe da gefe, kowane ɓangare ya ɓoye wani abu. Masu suka suna zuzuta yawan aikin, alhali mintunan kaɗan ne kamar yadda masu sayarwa ke faɗa. Masu sayarwa kuma ba sa faɗin cewa mintunan ba sa karɓar bashi. Ciyawar lambu in an bar ta mako biyu tsawo kawai za ta yi. Ruwa mai digiri 38 in kulorin ya ƙare masa, cikin 'yan kwanaki yauƙi ya fara kama bututu, kuma ruwan yana iya zama garau a ido. Don haka tambayar ta fi shafar halin mai saye da tsarin rayuwarsa. Mai ciwon gaɓoɓi da zai shiga kullum, hannunsa na kan tsinken gwaji kullum, ribarsa a fili take, haɗarinsa kaɗan. Wanda ya saya don baƙin ƙarshen mako, mai yawan tafiya, mai cewa gobe zai duba, shi ne ke biyan wutar wata guda don daren Asabar biyu, kuma shi ne zai ɗaga murfi bayan mako uku ya kunna feshi fuskarsa na bisa ruwan. Ga irinsa da muguwar rawa gara ƙin tashi, ko kuma ya ɗauki mai zuwa dubawa duk mako ya sa kuɗin a cikin lissafi tun kafin saye.

A biranen Najeriya abin da aka fi gani a manyan gidaje da otal-otal shi ne bahon banɗaki mai feshi, wanda dillalan gidaje a Abuja da Legas ke tallatawa da sunan Jacuzzi. Ana zubar da ruwansa bayan wanka, amma ɗan abin da ya rage a bututun yana kwana a ciki tare da sabulu da dauɗa, ya fito da zarar an sake kunnawa, shi ya sa masu ƙera shi ke cewa a riƙa cika shi lokaci-lokaci ana zagaya maganin wankewa ba kowa a ciki. Wanda ya shigo da babban kwamin farfajiya kuwa, lissafinsa ya sha bamban da na Bature. Ba ya tsoron daskarewa, kuma ruwan tankinsa da ɗuminsa yake zuwa, don haka hita ba ta wahala sosai, ko da yake a Afrilun 2024 an ɗaga kuɗin yunit na wuta zuwa naira 225 ga masu rukunin A. Matsalarsa ɗaukewar wuta ce. In inji ya tsaya, tacewa ta tsaya, magani ya daina zagayawa cikin bututu. A Ingila kwamin da aka kashe yakan huce zuwa ƙasa da digiri 20 a yawancin watanni, inda Lejiyonela ke daina yaɗo. A Kano ko Maraɗi, ruwan da ke zaune a rufe yana iya shafe galibin shekara a cikin ɗumin da take so ba tare da an kunna komai ba. Ƙurar hunturu kuma tana toshe filta cikin 'yan kwanaki, kuma kafin a cika da ruwan burtsatse sai an gwada alli da ƙarfen da ke cikinsa.